Ruwa a cikin fitilar babur: a toshe ne ko a huda?

Sani Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Tun da daminar nan ta kankama fitilar gaban babur ɗina Boxer ba ta rabuwa da ruwa. Da safe gilas ya yi fari daga ciki, da rana in na leƙa sai in ga ruwa kwance a ƙasa yana rawa. Ƙwai kuma sai ƙonewa yake yi. Wani ya ce in zagaye ta da gam in toshe ko'ina. Me kuka gani?

Ɗanladi Ikorodu: Wa alaikumus salam. Toshe kawai, mutumina. Silikon ɗin masu gilashin taga za ka saya ka bi bakinta da bayanta. Ruwan da bai samu ƙofa ba ta ina zai shiga?

Malam Habu mai wayarin: Ɗanladi, haka kuke kawo mana aiki. Sani, kada ka toshe ko'ina. Fitila ba a yi ta don a rufe ta ruf ba, numfashi take yi. In ka kunna, ƙwai ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura ta fita. In ka kashe, ko ruwan sama ya daki gilas mai zafi, iskar ta tsuke sai ta zuƙo ta waje, kuma iskar Legas jiƙe take da laima ko ba a ruwa. Wannan laimar ce ke kwanciya a jikin gilas, kamar yadda ledar fiya wata mai sanyi ke gumi in an fito da ita daga firij. Shi ya sa masu ƙera fitila suke bar mata 'yar kafar shan iska a baya, sau da yawa da ɗan bututun roba lanƙwasasshe mai kallon ƙasa, don iska ta wuce amma ruwan sama bai faɗa ciki ba. In ka bi duk wannan da gam, laima za ta ci gaba da shiga ta wurin ƙwai da wurin waya, hanyar fita kuma ka riga ka rufe.

Abu biyu ne a maganarka kuma ba ɗaya ba ne. Hazo-hazon safe da ke wucewa in ka kunna fitila ka yi tafiya, wannan ba ciwo ba ne. Ruwan da ke kwance yana rawa shi ne ciwon, yoyo ne, daga wani wuri yake shiga.

Sani Agege: To Malam, ta yaya zan gane wurin?

Malam Habu mai wayarin: Fara da robar bayan ƙwai. Mafi yawan fitilun da ake kawo mini nan matsalar take. Ko ta tsage, ko yaron da ya canza ƙwai ya manta da ita a ƙasa, ko an mayar da ita a juye. Duba jikinta, wasu akwai alamar kibiya ko rubutun da ke nuna sama, a ƙasa kuma akwai 'yar tsaga da aka bari don ruwa ya ɗiga. In aka juya ta tsagar ta koma sama, ta zama mazurari. In roba lafiya take, cire fitilar, ka shafa ruwan sabulu a inda gilas ya haɗu da jiki, ka toshe kafar iska da yatsa ka hura ta ramin ƙwai. Inda kumfa ta tashi, nan ne kaɗai wurin da za a sa gam.

Isiyaku Alaba Rago: Malam ya faɗi gaskiya kan juyewar nan. Ku duba sigina ma. Ku tsugunna ku kalli ƙasan kowace ɗaya, za ku ga ɗan huji ko tsaga kamar bakin allura. In aka sayo sabbi aka ɗaura ta hagu a dama, hujin sai ya koma sama. Na ga wata a tasharmu, ruwa ya kai rabi, in an kunna sai ka ga hasken yana lilo.

Ɗanladi Ikorodu: Ni fa ban gamsu da maganar barin kafa ba. Ku zo Ikorodu a watan Yuni ko Yuli ku ga inda muke ratsawa. Ruwa yana shanye salansa, kwata da titi sun zama ɗaya. Hujin da kuke cewa ruwa ya fita, ta nan zai shigo.

Malam Habu mai wayarin: In ruwa ya kai fitilar gaba, Ɗanladi, ai ba fitila ce damuwarka ba, injin ya riga ya sha ta wurin iyakilina, wato matatar iskar inji. Abin da ke kai wa fitila fallatsi ne, na tayarka da na tirelar da ta wuce ka. Huji ƙarami mai kallon ƙasa fallatsi ba ya cika shi, abin da ya shiga kuma zai fita. Amma ka taɓo wani abu: wutar baya da siginonin baya su ne ke shan caɓi daga taya, laka ta toshe musu kafar. Wannan tsinken tsintsiya kawai yake so duk ranar wanki.

Alhaji Baba: Yara, ku saurari Malam Habu. Ni a Kano na fara hawan babur, can ƙurar hunturu ce abokiyar gabarmu, shi ya sa muka saba da toshe komai. Nan ƙasar ruwa ce. Damina daga Afrilu har Yuli, a ɗan sarara a Agusta, Satumba da Oktoba ta dawo. Wanda ke aiki wajen Badagry kuma ga iskar teku mai gishiri, ku buɗe soket ɗinsa ku ga yadda tagulla ta yi kore.

Sani Agege: Allah ya ƙara girma, Baba. Malam, in na duba ban ga kafa a tawa ba fa? In huda?

Malam Habu mai wayarin: Ka fara maganin yoyon tukuna. In bayan haka ruwa na taruwa, to a huda, amma da ƙa'ida. A jikin roba na baya, a wurin da ya fi ko'ina ƙasa yadda fitilar take zaune a kan babur, ba yadda take kwance a hannunka ba. Milimita 2 zuwa 3 ya isa. Kada a taɓa gilas, kada a huda farantin ciki mai ƙyalli. Farantin nan rufin alminiyon ne siriri ƙwarai, ko tsumma ka goga masa zai dushe, hasken kuma ba zai dawo ba. Wurin busarwa cire ƙwai ka bar ta ta sha iska, ko ka ari na'urar busar da gashi a shagon masu gyaran kai ka hura daga nesa-nesa. Ƙwan halojin kuma kada ka riƙe gilashinsa da hannu, maiƙon yatsa na rage masa kwana. Ɗigon ruwa ɗaya a kansa yana da zafi ya isa ya fasa shi, ƙila abin da ke cinye maka ƙwai ke nan.

Maganar gam kuma, sufa gulu haramiyarka ce a nan, tururinsa na barin farin tabo a cikin gilas. Silikon mai warin tsami da ke hawa kai shi ma a guje shi kusa da waya, yana cin tagulla. Nemi marar warin, ko baƙar robar nan mai danƙo da masu gyaran fitilun mota ke amfani da ita, wadda in an ɗumama ta take sakin jiki a sake buɗewa.

Musa mai kai saƙo: Baƙar robar ana samu a kasuwar Ladipo da ke Mushin wurin masu fitilun mota. Amma kada ka je da babur, Mushin tana cikin ƙananan hukumomi 4 da aka ƙara hana okada a Satumbar 2022, tare da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe, bayan 6 na farko a watan Yuni. Cire fitilar ka sa a jaka ka hau danfo. Ni dai LED na koma, hankalina kwance.

Isiyaku Alaba Rago: LED ɗin ma da nata. Ba ta ɗumama gilas kamar ƙwan 35 wat ɗin da muka saba, don haka hazon yakan daɗe bai wuce ba. Ga gindinta da kauri saboda ƙarfen fitar da zafi, sai ka ga an yanke robar baya ko an jefar da ita don ƙwan ya zauna. Daga nan ruwa ya samu hanya.

Musa mai kai saƙo: Tawa cikakkiyar fitila ce, ba ƙwai kaɗai ba, an rubuta IP67 a kwali. Ma'anarsa ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa a ruwa mita 1 na minti 30.

Malam Habu mai wayarin: Ma'anar lambar haka take, amma kwali ba ya ƙin tawada, kuma araha ba ta ado. Sannan lambar ba ta yi alkawarin jure injin feshin masu wankin mota ba, wannan gwajinsa daban. Ku hana su saita bakin feshi a bayan fitila. Wanda zai ɗaura ƙarin fitila kuma ya bar wayar ta ɗan sauka ƙasa kafin ta hau ta shiga, don ruwan da ke bin waya ya ɗiga a lanƙwasar. A shafa ɗan giris ɗin silikon a soket.

Ɗanladi Ikorodu: To na ji. Amma bakin gilas dai zan bar silikon ɗina.

Malam Habu mai wayarin: Bakin gilas ba mu yi faɗa ba. Bayan ne za ka kankare.

Isiyaku Alaba Rago: Sani, in robar ce ta mutu, masu kayan babur a kasuwar Trade Fair kan hanyar Badagry suna da ita. Tafi da tsohuwar a aljihu ka gwada faɗin baki, don ba duka ne girmansu ɗaya ba.

Sani Agege: Na leƙa yanzu da tocilan ɗin waya. Robar tana nan amma ta tsage ta sama, tsagar ƙasa kuma laka ta cika ta. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, kana shago gobe bayan Azahar?

Malam Habu mai wayarin: Ina nan in sha Allahu. Cire ƙwan tun da daddare ka kifa fitilar a wuri busasshe, ka zo da ita babu ruwa.