Kwamfuta za ta iya karanta hoton ƙirji kamar likita?

Malam Sani: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya a wajen ɗaurin aure a Ringim na ji wai Bintarmu da ke digirin digirgir tana koya wa kwamfuta gano tarin fuka a hoton ƙirji, ba sai likita ya duba ba. Ni dai ban yarda ba. Rai ba abin gwaji ba ne.

Binta: Wa alaikumus salam Kawu. An ƙara wa maganar gishiri. Dubban hotuna ake nuna mata waɗanda likitoci suka riga suka tantance, wannan akwai tabo a huhu, wannan lafiya lau, har ta koyi bambancewa. In an ɗora sabon hoto sai ta ba shi maki. Wanda makinsa ya yi sama, a karɓi kakinsa a gwada a GeneXpert, na'urar da ke gano ƙwayar cutar tarin fuka. Gwajin kakin ne ke tabbatarwa.

Habu Nas: Malam, tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin wannan manhaja wajen tantance masu shekara 15 zuwa sama. Mu a nan wa muke da shi da zai karanta hoton?

Hajiya Ladi: Wallahi Habu ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Maigidana ya yi wata uku yana tari, yana ta rama. Sau biyu muka biya kuɗin mota zuwa birni da hoton a ambulan, ana cewa mai dubawa bai shigo ba. Kafin a fara masa maganin wata shida, ƙaramar 'yarmu ta kamu.

Malam Sani: Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Amma in kwamfutar ta ce lafiya lau alhali akwai ciwon, wa za a kama?

Binta: Tana kuskure Kawu, kuma nan ne aikina yake. Yawancin hotunan da aka koyar da su daga asibitocin waje suke, tas da su. Namu kuwa sau da yawa fim ne aka ɗaga a bakin taga aka ɗauka da waya, ga ƙura, ga inuwar yatsa. Ina auna yadda take ruɗewa da irin waɗannan, da kuma tabon wanda ya taɓa yin ciwon ya warke.

Malam Sani: To hotunan mutanenmu da kike tarawa, an nemi izinin masu su?

Binta: Sai da kwamitin ɗa'a ya amince, kuma ana goge suna kafin su iso hannuna.

Malam Sani: Ban gamsu duka ba. In kin zo sallah ki kawo kwamfutar in gani da idona.