Accord mai zuwa da rigimar "motar iyali"

Mai Anaconda: Salamu alaikum. Ina masu cewa Honda ta mutu? Ku fito fili. Tun da Accord ta 2023 ta fito kuke damun mu a gidan nan, wai ba ta da kwarjini, wai fuskarta a sanyaye. To ku lissafa: 2003, 2008, 2013, 2018, 2023. Duk shekara biyar ake sauya mata jiki gaba ɗaya, ke nan 2028 sabon zubi na tafe. Kamfanin da bakinsa ya ce daga 2027 zai fara fitar da sabon tsarin haibirid, wato mota mai aiki da fetur da batir tare. Hasashena, za su yar da ƙaramin injin turbo 1.5 ɗin nan, ta koma fetur da batir zalla, su gyara mata fitilu. Ranar Camry za ta san wace ce motar iyali ta gaskiya. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Ɗan Kwatano: Wa alaikumus salam. Alhaji, ai an riga ku. Camry ta 2025 duk haibirid ce, inji 2.5, ƙarfin doki 225, an sallami babban injin V6. Abin da kake wa murna kwaikwayo sunansa.

Maman Biyar: Ku dakata tukuna. Motar iyali? Iyalin wa? Kujera biyar ce fa, har da ta direba. Ranar Sallah in za mu gaida Hajiya, huɗu a baya kamar an jera buhuna, auta a cinyata, kular tuwo a but, wadda ba ta samu wuri ba a ƙarƙashin ƙafata. Kafin mu isa lallen wata ya goge a shaddar wani, an fara kuka. Wannan motar ango da amarya ce.

Mai Anaconda: Hajiya, haka masu ƙera ta suke kiran ajinta, ba ni na raɗa ba.

Maman Biyar: To iyalinsu suke nufi, ba namu ba.

Malamin Lissafi: Hajiya tana da gaskiya ta wani ɓangaren. A Marysville ta jihar Ohio ake haɗa Accord tun 1982, kuma matsakaicin gida a Amurka bai kai mutum uku ba. Amma tambayar da ta fi ita ce ko za a ci gaba da zuba kuɗi a irin wannan mota. Ford ta daina Fusion a 2020, Chevrolet ta rufe Malibu a 2024, can kowa ya koma manyan motoci masu tudu, CR-V, mai tudun ta Honda, ma ta fi Accord kasuwa nesa ba kusa ba.

Baban Gida: Ni dai mai mata biyu ne, kuma ina cewa iyali iyali ne ko mutum biyu ne. Daga ranar da aka shafa fatiha ka zama mai iyali. Kada a raina wa yara ƙanana aure.

Maman Biyar: Alhaji, wacce kake sawa a gaba in za ku fita gaba ɗaya?

Baban Gida: Wannan ba hurumin gidan nan ba ne.

Gwauron Zaure: Mai girki ce a gaba, haka doka take 😂

Baban Gida: Kai yaro, ka fara ajiye ɗaya tukuna kafin ka ba da fatawa.

Tsohon Direba: Yaran yanzu ba ku san motar iyali ba. Peugeot 504 doguwa, mai layin kujeru uku, ita ce. A Kaduna ake haɗa Peugeot tun 1975, ka cika ta da mutane da kaya har saman rufi, ta kai ka Maiduguri ba ta ce uffan ba.

Ɗan Kwatano: Baba, Allah ya ƙara girma, amma zamani ya wuce nan. Yau Sienna ce, mutum bakwai ko takwas, kuma tun 2021 ita ma haibirid ce. Toyota dai, duk ta inda aka ɓullo.

Mai Anaconda: Sienna motar haya ce, a tasha ake ganin ta tana jiran fasinjan Abuja. Ni maganar mota nake, ba bas ba.

Oga Bakanike: Ku da kuke faɗa a kan ta 2028, wa zai gan ta a cikinku kafin 2038? Yawancin abin da ke shigowa garejina daga Discussion Continues ne, wato Accord ta 2006 da 2007, zuwa ta 2013. Kuma tun yanzu giyar CVT, irin giyar otomatik da aka sa wa ta 2013, na ba mutane wuya, don sai mutum ya zuba mata man giya na gama-gari, bayan wata kaɗan ta fara kuka, ya ce mota ce ba kyau. In aka ƙara batirin haibirid a kai, yara nawa ne a layinmu suka iya taɓa shi?

Gwauron Zaure: Oga, faɗi gaskiya dai, sabuwar ma za ta cire ƙafa a tsakiyar titi?

Mai Anaconda: Ga shi nan, dama na san sai an zo nan. Tsohon zance! Tun ta 2013 aka sauya tsarin ƙafar gaba. Kuma waɗancan ma jabun kaya da ramukan titi ne, mutum ya ji ƙara wata uku ya ƙi zuwa gareji.

Oga Bakanike: Jabun kaya kam akwai. Amma in na faɗa wa mutum kuɗin na asali sai ya ce in sa na rabin kuɗi, gobe ya zage ni.

Ɗan Kwatano: Ku kanikawa ai kun fi son Honda, ita ke ciyar da ku.

Oga Bakanike: Ku kuma dillalai kun fi son wadda ruwa ya ci a Amurka, a wanke a fesa turare a ce ta wata tsohuwa ce. Kada ka sa in buɗe baki.

Ɗan Kwatano: Buɗe mana. Ka taɓa kama ni?

Malamin Lissafi: Jama'a, ba wanda ya amsa batun injin. A yanzu ma manyan ajin Accord a Amurka haibirid ne, doki 204, turbo ɗin 192 a ƙananan aji kawai ya rage. Hasashen Alhaji ba shirme ba ne.

Maman Biyar: Ko doki dubu ne, kujera nawa?

Mai Anaconda: Hajiya, don Allah ki bar ni da kujerun nan.

Baban Gida: Ni har yanzu ina jiran yaron nan ya janye maganar mai girki.

Admin: To ya isa haka, an kusa kiran Isha'i. Ga abin da aka cimma a taƙaice. An yarda cewa Honda bin sawun Camry take yi, shi kansa mai maganar bai musa ba. An yarda Accord ba motar iyali ba ce, Sienna ce, kamar yadda Hajiya ta nuna. Oga Bakanike, wanda sana'arsa ce, ya tabbatar giyar Honda sai a hankali. Batun motocin da ruwa ya ci ba shi da hujja, kuma cin fuska ne ga 'yan kasuwa, kada a sake. Na rufe wannan zance. Mai buƙata kuma, akwai Camry Muscle ta 2010 a hannuna, fari sol, takardun kwastan cikakku, a same ni ta gefe.