Neman shawara: Ɗalibata ta tambaye ni wa ya ƙirga shekarun duniya

Malam Nasiru, Gangare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a nan Jos. A makon jiya ina koyar da darasin duwatsu, sai na ce wa ɗalibai masana sun ƙiyasta shekarun duniyarmu sun kai biliyan 4.5, sararin samaniya kuma biliyan 13.8. Wata yarinya mai kaifin basira ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa yake nan a lokacin, har ya fara ƙirga?" Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, amma gaskiya ba ni da amsa, domin abin da na haddace a littafi kawai na maimaita musu. Na yi musu alkawarin bayani ranar Litinin. Don Allah masu sani su taimaka mini da yadda ake gano waɗannan shekaru, da yadda zan kawo maganar daidai hankalin yara.

Injiniya Bala, Bukuru:
Wa alaikumus salam Malam. Amsar tana cikin yashin tsofaffin ramukan kuza na garin nan. A cikinsa akwai wani ma'adani da ake kira zirkon, wanda a lokacin da yake daskarewa daga narkakken dutse yakan kama wani sinadari mai suna yuraniyom a jikinsa, amma ba ya karɓar dalma. Shi kuma yuraniyom a hankali yake rikiɗa ya koma dalma, da saurin da aka auna a ɗakin gwaji, wanda zafi ko sanyi ba sa sauya shi. Nau'insa mai lamba 238 yana ɗaukar kimanin shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe, mai lamba 235 kuma shekara miliyan 704. Saboda haka dalmar da aka tarar a cikin ƙwayar zirkon daga baya ta taru, kuma idan aka gwada yawanta da yuraniyom ɗin da ya rage, lissafi zai nuna tun yaushe ƙwayar ta daskare. Abin da ya fi burge ni shi ne agogo biyu ne a ƙwaya ɗaya, idan suka saɓa wa juna sai a san akwai matsala a samfurin. Zirkon mafi tsufa da aka samu daga Ostareliya yake, shekarunsa kusan biliyan 4.4. Shekarun duniyar kanta kuwa, wani masanin kimiyya mai suna Clair Patterson ne ya fitar da su a 1956, ta hanyar auna dalmar duwatsun da suka faɗo daga sama, domin tare aka gina su da duniya. Ka ce wa yarinyar babu wanda ya zauna ƙirga, kamar yadda dillalin shanu ba ya nan ranar da aka haifi bijimi, amma yana duba haƙoransa ya faɗi shekarunsa.

Auwal, Rikkos:
Ranka ya daɗe Injiniya, ni na ɗauka da gwajin kabon ake yin wannan aiki.

Injiniya Bala:
A'a ƙanena, mutane da yawa suna wannan kuskuren. Rabin kabon mai lamba 14 yana ƙarewa cikin shekara 5,730, don haka bayan kimanin shekara 50,000 babu abin aunawa, kuma a kan abin da ya taɓa rayuwa yake aiki, kamar itace da ƙashi da gawayi. Irinsa ne ya nuna kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a Yobe a 1987, ya kai shekara 8,000.

Malama Rabi, Unguwar Rogo:
Malam Nasiru, na shekara goma sha biyu a aji, kuma na lura kalmar biliyan ba ta shiga kan yaro, sai ya ga abin da idonsa. Ka nemi igiya mai tsawon mita 46 ka shimfiɗa a filin ƙwallo, kowace mita ta tsaya a madadin kimanin shekara miliyan 100. Ku taka mita 11 daga farko, sai ka ɗaura ƙyalle, nan ne ake da tabbatacciyar shaidar ƙananan halittun da ido ba ya gani. Za ku yi ta tafiya babu kifi, babu bishiya, sai saura mita biyar da rabi dabbobin ruwa masu ɓawo za su yawaita. Duwatsun Shere da yaran suke hange kullum za su zo ne sai saura ƙasa da mita biyu, domin shekarunsu ba su wuce miliyan 160 zuwa 170 ba, ka ga kenan a wannan lissafi yara ne. Manyan dabbobin nan na dainoso sun ƙare saura santimita 66. Ƙasusuwan mutum irinmu mafi daɗewa, waɗanda aka tono a Maroko masu shekara 300,000, milimita uku ne na bakin igiyar, gumakan Nok da ke gidan tarihi na Jos kuwa ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. Idan suka tambayi sararin samaniya, ka ce igiya uku irin wannan za a ƙulla.

Dakta Hauwa, Abuja:
Ina goyon bayan Malama. Abin da zan ƙara shi ne, idan maganar sauyin halittu ta taso, kada ka fara da biri, ka fara da zazzaɓin cizon sauro. Iyayenmu sun san lokacin da kulorokwin yake aiki kamar yankan wuƙa. Ƙwayoyin cutar da suka jure masa su ne suka tsira suka hayayyafa, har ya daina tasiri, Najeriya ta sauya magani a 2005. Sannan ka ba su labarin Sakkwato, inda aka tono ƙasusuwan wata dabbar teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo, shaidar cewa teku ya taɓa kwanciya a wurin.

Alhaji Garba, Titin Bauchi:
Ɗana, shawarata ta wani ɓangaren ce. Tabbas wani zai ce maka ai cikin kwana shida aka halicci sammai da ƙasa. Kada ka yi fatawa a ajin labarin ƙasa, kada kuma ka bari a yi wa mai tambayar dariya. Malamai sun daɗe suna magana kan tsawon waɗannan kwanaki, tun da Alƙur'ani ya ambaci yini mai tsawon shekara dubu a Suratul Hajji, da mai dubu hamsin a Ma'arij. Ka faɗi abin da aka auna da yadda aka auna shi, sauran ka haɗa su da malamin addinin makarantarku, kuma gara ka gan shi kafin Litinin.

Malam Nasiru:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi wa malamin addinin waya, ya ce zai zo filin tare da mu, igiya kuma zan saya gobe a Taminus. Injiniya, saura biliyan 13.8 ɗin nan, domin na san yarinyar nan za ta ce sararin samaniya ba shi da zirkon.

Injiniya Bala:
Tana da gaskiya. A 1929 masanin taurari Edwin Hubble ya nuna cewa tarin taurari suna nisantar mu, kuma mafi nisa ya fi gudu. Idan ka san nisan mota da saurinta, za ka iya lissafa lokacin da ta bar tasha, haka ake lissafa lokacin da tarin taurarin suka fara nisantar juna. A 1965 kuma aka ba da rahoton wani haske mai rauni da ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama, ragowar zafin farkon sararin samaniya, wanda aunawarsa ce ta daidaita adadin. Zan aiko maka da yashin kuza a kwalba ranar Lahadi, ka nemi madubin ƙara girma a ɗakin gwajin makaranta.