Neman kalma: me za mu kira "moth" na Amurka?

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar darasin yara kan Luna moth, ƙwaron gabashin Amurka da Kanada. Kore ne shar, faɗin fikafikansa kan kai santimita 11, na bayan kuma suna da dogayen jela masu rikita jemage idan ya kawo farmaki. Daga ƙwai sai tsutsa, ta saƙa wa kanta gida cikin ganye, sannan ta fito da fikafikai. Kalmar moth nake nema, da sunan gidan nan.

Bakatsine: Asu.

Dattijon Zariya: A'a ɗana, asu tufafi yake ci a cikin adaka. Wannan kuwa idan ya girma bakinsa ba ya aiki, ba ya cin komai, kamar mako guda yake yi, ya hayayyafa ya mutu. Tsutsar ce mai cin ganye. Faɗa-wuta muka tashi muna ji, masu kewaye fitila da dare.

Ɗan Maraɗi: Ni a rediyo "malam-buɗe-littafin dare" nake cewa. Yaro na ji zai gane.

Bakatsine: Wannan ai Faransanci ne kuka ɗinka wa riga. Muna da tamu, me ya kai mu aro?

Ɗan Maraɗi: Haba malam. Kullum abin da ya fito daga Nijar sai a ce ba Hausa ba ne. Ku da kuke cewa "bokiti" da "tebur"? Shekaru ina faɗinta, masu saurare ba su taɓa ƙorafi ba.

Bakatsine: Rashin ƙorafi ba hujja ba ne.

Malamar Kimiyya: Don Allah a dawo kan gidan tsutsar, lokaci na ƙurewa.

Dattijon Zariya: Masaƙanmu sun san tsutsar da ake samun zaren tsamiya daga gidanta. Sai dai waccan taruwa suke su saƙa gida ɗaya, ta Luna ita kaɗai take nata. Ki ce "gidan tsutsa", ya wadatar.

Malamar Kimiyya: Na gode Baba. Na sa "faɗa-wuta mai suna Luna". Gidan tsutsa bai kwanta mini ba, amma da shi zan miƙa.

Ɗan Maraɗi: To. Ni dai a shirina ba zan canza ba.