Taƙaitawa kan girgizar mota idan gudu ya kai wani mataki

1. A tattaunawar da aka yi kan abin da ke sa mota girgiza idan gudu ya kai wani mataki, yawancin waɗanda suka yi magana sun yarda cewa idan sitiyari ya fara karkarwa tsakanin kilomita 80 zuwa 120 a awa, to a fara da yi wa tayoyin gaba balansin (daidaita nauyin taya ta kowane ɓangare), a kuma duba ko taya ta yi ƙulli ko rim ya lanƙwashe bayan faɗawa rami.

2. Idan a kujera ake jin girgizar, tayoyin baya ne abin zargi.

3. Girgizar da ba ta zuwa sai lokacin taka birki tana nuna faifan birki ya karkace.

4. An rabu kan alaimen, wato daidaita saitin ƙafafun mota. Wasu sun ce shi ne magani, wasu kuma, kuma ina ganin hujjarsu ta fi ƙarfi, sun ce lalacewarsa jan mota gefe yake yi da cinye taya ta ɓangare guda, ba girgiza ba.