Tocilata ba ta kai ni asuba, ku taimaka

Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin kayan wuta ku ba ni shawara. Gadi nake yi a Agege, na sayi 'yar tocila ta aljihu mai caji, batirinta irin wanda ake kira 18650 ne, an rubuta 9900mAh (wato yawan cajin da yake ɗauka) a jikinsa. Da na kunna wallahi har ƙarshen layinmu take haskawa, amma ko minti goma ba a yi sai kanta ya ɗau zafi hasken ya dushe, kafin biyun dare ta mutu murus alhali tun la'asar na cika ta. Wani mai gyaran waya ya ce min irin wannan batirin na gaske ba ya wuce 3500mAh sosai, wai rubutun ƙarya ne. To batirin zan canja ko tocilar ce matsalar? Ga damina, ga wuta ba ta zama a unguwar nan.