Malamai, me za mu kira "sakit" da Hausa?

1/ Ina da ƙungiyar kimiyya ta 'yan aji 4 zuwa 6 a wata firamare a nan Gombe. Duk Asabar muna haɗa batir 2 masu bolt 1.5, da wayar jan ƙarfe, da ƙwan tocila, yara su kunna da hannunsu. Abin da ya gagare mu shi ne sunan abin da suka haɗa. Bature ya ce circuit, masu gyaran rediyo su ce sakit. Yaro zai maimaita, amma kalmar ba ta gaya masa komai.

2/ Wani malamin lissafi ya ce da'ira. Daɗin ji kam akwai, sai dai yaran sun san da'ira a matsayin siffa, suka hau lanƙwasa waya tana zama zobe, wai in ba haka ba ƙwan ba zai kama ba.

3/ Kewaye? Kun san abin da "zan kewaya" ke nufi. Dariya ta cinye rabin darasin.

4/ Ni dai na tsaya a kan ZAGAYEN WUTA. E, shi ma zagaye yana da wancan warin, amma da zarar "wuta" ta biyo bayansa ba mai dariya. Kuma ya faɗi aikin: wuta ta fita ta wannan kan batir, ta bi waya, ta ratsa ƙwai, ta komo ta ɗaya kan. Ko injinan dam ɗin Dadin Kowa masu megawat 40, sai zagayen ya cika suke ba da wuta.

5/ Inda fassara ke da haɗari shi ne buɗe da rufe. A Turance "buɗaɗɗen" sakit shi ne wanda wuta ba ta bi. Mu kuwa famfo in aka buɗe ruwa yake kawowa, sai yaro ya fahimta a baibai. Don haka muke cewa zagaye ya haɗu, ko ya tsinke.

6/ Saura "shot", wato wuta ta bar ƙwai ta bi gajeriyar hanya har batir ya yi zafi. Yanke ba zai yi ba, an riga an ba masu yanke wutar gida. Ina gwada "wuta ta yi ratse". Masu wayarin na Gombe da Bauchi, ku me kuke ce wa yaran shagonku?